Zoben Idon Dama

Malam ya rasu ya bar mini 'ya ɗaya, da gida a bayan Samaru, da madubin hangen nesa guda goma sha ɗaya. Irin mai ido biyun nan nake nufi, wanda ake riƙewa da hannu biyu a kara a fuska. Duk tsofaffi ne. Babu wanda bai girmi 'yarmu ba a cikinsu, wasu ma ni kaina sun girme ni. Shekara ashirin da uku muka yi tare, kuma in na ce akwai shekarar da ban yi masa tsiya a kansu ba, na yi ƙarya.

Aiki ne ya jawo masa. A gonakin gwaji na nan Samaru yake, cikin masu bin sawun tsuntsayen da ke cinye dawa da gero, musamman jan-baki. Na farkon wani Bature ne da suka yi aiki tare ya bar masa da zai koma ƙasarsu, tun ba mu yi aure ba. Da a nan abin ya tsaya da ban ce uffan ba, mutum da kayan aikinsa. Amma ina! Duk inda Malam ya ji labarin tsohon madubi, to ƙafarsa na can. Biyu ya samo wajen tsofaffin ma'aikatan reluwe a Sabon Gari, ɗaya a Muciya hannun matar wani tsohon soja, sauran wajen 'yan gwanjo. Akwai na Jamus, akwai na Ingila, akwai 'yan ƙanana na Japan, akwai wani ƙato na Rasha mai nauyin taɓarya. Kowanne da jakarsa, kuma duk ɗakin da suka kwana sai ya ɗauki warin tsohuwar fata.

Nakan ce masa, "Malam, wai ido nawa Allah ya ba ka ne?"

Ya ce, "Biyu, Malama." Haka yake kirana, don ni malamar firamare ce.

"To goma sha ɗaya na mene ne? Ko yaƙi za ka ba mu sani ba?"

Sai ya yi 'yar dariyarsa ta hanci, ya ce ai ba gani ɗaya suke yi ba. Na Jamus ɗin nan, in ji shi, ko magariba ta kawo jiki yana nuna maka gashin wuyan kurciya ɗaya-ɗaya. Na Rasha komai sai ya zuba masa ruwan ɗorawa, har sararin sama. Na Ingila ɗan fili kaɗan yake nunawa, amma abin da ya nuna babu ƙarya a ciki. Ya miƙo mini ya ce in duba, ni kuma in ce hannuna da albasa. Taurin kai ne kawai, ba wani abu ba. Tun ina amarya na riga na ce shirme ne, sai ya zama in na duba kamar na janye maganata.

'Yarmu ce ta biye masa. Tana aji uku ya ware mata wani ɗan ƙarami nata na kanta, wanda ba ya cikin goma sha ɗayan. Ina tankaɗe a gefe na ji yana koya mata.

Ya ce, "Rufe idon dama, ki murza wannan na tsakiya har ki ga reshen can tar. Yawwa. Yanzu rufe na hagu, ki murza ɗan zoben nan da ke bakin idon dama." Ya ce mata idanun mutum biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba, zoben ne ke daidaita su, shi ya sa kowa da inda nasa ke tsayawa. "Na tsakiya na kowa ne. Zobe kuwa na mai madubi ne. In kin ari madubin mutum, kada ki taɓa masa zobe. Rashin ladabi ne."

Na ce daga inda nake, "Ikon Allah! Ashe madubi ma da fiƙihunsa."

Gidanmu yana da ɗan bene mai ɗaki ɗaya da baranda, shi ma don madubin aka yi shi, ko da yake Malam ya ce don iska ne. Ta baya kana hangen gonaki har dam. Ta gaba kuma, can da nisa, kana hangen babban titi, daidai inda bas-bas ɗin Sabon Gari ke sauke mutanen unguwarmu. Da damina, kowace Asabar da hantsi, sai ya shimfiɗa tabarma a barandar ya fito da su daga jakunkunansu ya jera su sha iska da rana. Ya ce in ba haka ba fumfuna na shiga cikin gilashin, ta yi saƙa a ciki, in ta daɗe har ta ci shi. Shanya dai kowanne na samu, amma fita da su ba haka ba. Malam mai yayi ne. In ya kama ɗaya sai ya shekara biyu ko uku yana rataye da shi, sannan ya ajiye ya ɗauki wani. A ƙarshe ya koma ma na Baturen nan, na farko, wanda fentinsa ya gama gogewa.

Ranar Talata ya ce kansa na ciwo. Ranar Alhamis bayan la'asar aka binne shi. Farkon damina ne, shamuwa ba su daɗe da dawowa kan rimin bayanmu ba, a shekarun nan da wayar hannu ta fara shigowa Zariya. Tasa na ta ƙara a kan gado ana neman a yi gaisuwa, na kashe ta na jefa a durowa.

Ban yi kuka ba. Mata suka cika gida, wasu na yi har da shessheƙa, suna satar kallona. Na ji wata ta ce tawakkali ne, na ji wata ta ce taurin zuciya ne, dama an san ni. Ba ko ɗaya. Kada in karɓi ladan da ba nawa ba, ba tawakkali ba ne. Ka san in ka daɗe zaune a kan ƙafa, ka tashi ka taka, ka ga tana takawa amma ba ka jin ta? To haka jikina ya zama gaba ɗaya. A kawo abinci in ci, a ɗauke ban san me na ci ba. A ce in kwanta in kwanta. Ni da ko hedimasta ke kaffa-kaffa da bakina, sai ga shi ko me aka ce mini, "to" nake cewa.

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, makaranta ta ba ni hutu. Baƙi suka ragu. 'Yata ta koma ɗaukar darasi a jami'a, tana fita da safe ta dawo da yamma. Asabar ta uku aka kwana biyu ana ruwa, rana ta fito da hantsi, sai na tsinci kaina a kan bene da tabarma a hannu. Ban shirya ba. Kawai dai Asabar ce, rana ta fito, kuma babu wanda zai yi.

Na jera su kamar yadda na sha ganin yana yi. Na zauna. Da na gaji da zama sai na ɗauki na Rasha na kara a fuska, karo na farko a rayuwata, ba kuma wanda zai ce na janye magana. Da'ira biyu na gani maimakon ɗaya, don an buɗe gaɓar madubin daidai faɗin fuskar Malam, shi kuwa fuskarsa ta fi tawa faɗi. Ban matse ba. Na murza na tsakiya, rimin ya taso tar a idon hagu, da ruwan ɗorawan da ya faɗa. Idon dama kuwa ɗan dishi-dishi. Na goge gilashin da gefen zane, bai sake ba. Yatsana ya kai kan zobe ke nan na ji muryarsa yana cewa rashin ladabi ne, sai na janye.

Na ajiye na ɗauki na Ingila. Shi ma dishi-dishi a dama, har ya fi na Rasha. Na ɗauki na Jamus, ya fi na Ingila. A nan malantar ta motsa. Na san yayin kowanne, ai a gabana aka yi. Na Rasha ya ajiye tun 'yata na firamare, don ya ce yana sa masa ciwon wuya. Na Ingila ya biyo baya. Na Jamus shi ne na lokacin da ta shiga sakandare. Na sake jera su a kan tabarma, daga wanda ya daɗe da ajiyewa zuwa na hannunsa na ƙarshe, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rufe idon hagu. Kowanne ya fi na gabansa dushewa. Da na zo kan na Baturen, rimin ya zama wani kore kawai, ba reshe ba ganye.

Ashe idon Malam na dama ya yi shekaru yana tafiya. Bai faɗa mini ba, bai faɗa ma kowa ba. Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Yadda ya daina tuƙi in rana ta faɗi, ya ce gajiya. Yadda in na zauna ta damansa sai ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya kafin ya amsa. Yadda yake zuba shayi a gefen kofi, ni kuma in ce, "Haba Malam, kofin na nan, tebur kake shayarwa? Hankalinka na wajen tsuntsaye." Sau nawa na faɗa masa haka, Allah kaɗai ya sani. Shi kuma ya ce, "Ayya, yi haƙuri, Malama," ya ɗauki tsumma. Na ji kunya a kan tabarmar nan, amma daga nesa na ji ta, kamar kunyar wata ce ake ba ni labari.

Daga ranar na samu aikin yi. Kullum in 'yata ta fita sai in hau bene in bi su. Na sani sarai ba haka Malam ke gani ba, shi da idonsa a cikinsu tar yake gani. Abin da nake gani shi ne gwargwadon abin da zoben ke cika masa, wato gwargwadon abin da ya rasa a kowace shekara. Rigunansa an rabar ranar bakwai. Takalmansa an rabar. Hotonsa na bango hoto ne, kowa na iya kallo. Wannan kuwa idonsa ne, yatsansa ya ajiye shi a wurin, kuma ni kaɗai na san yana nan. Ba daɗi nake ji ba in na duba, ba kuma ciwo ba. Amma in ban duba ba sai in ji ranar ba ta cika ba.

Bayan arba'in ƙanin Malam ya zo daga Hanwa. Mutumin kirki ne, ɗan kasuwa, da can ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, amma tun rasuwar wasan ya mutu. Ya hau bene ya sauko ya ce, "Yaya, na ga fumfuna ta fara kama madubin nan. Kafin a zo rabon gado bari in kai su Sabon Gari wajen Baba mai agogo ya wanke su. Ai shi ke yi ma marigayi."

Na ce, "To."

Wallahi abin da na ce ke nan. Ina zaune ina kallo ya zuba su a kwali ya sa a bayan mota. A raina wankewa gogewa ce, a hure ƙura a shafa tsumma. Goma ya ɗauka. Na Baturen ya tsira ne don yana ɗakina, rataye a ƙusa ƙarƙashin hijabina, kuma bai ƙirga ba.

Kwana goma suka dawo tare da Baba mai agogo da kansa. Tsoho ne, Kirista, iyayensa daga kudu aikin reluwe ya kawo su, amma shi a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni. Ya zo jana'iza, ya zo sadakar uku, ga shi ya sake zuwa. Na sa hijabi na fito falo. Ya buɗe kwalin da hannunsa yana fito da su, sai sheƙi suke, jakunkunan ma ya shafa musu mai.

Ya ce, "Madam, abin da zan iya yi ma abokina ke nan. Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya, na cire fumfuna, na sa mai a inda ya bushe. Kuma duk a karkace na same su. Kowanne zobensa ya gudu gefe guda. Na dawo da su kan sifili, cif-cif."

Na ce, "Sifili?"

"Sifili. Shekara arba'in agogo bai taɓa barin teburina da lokacin ƙarya ba, madubi ma haka. Ai dama haka muke yi da shi. Ni in mayar sifili, shi kuma ya fita bakin shago ya kalli tankin ruwan reluwe, ya murza abinsa yadda..."

Bai ƙarasa ba. Ya tsaya da madubin a hannu, bakinsa a ɗan buɗe. Na ga lokacin da ya gane. Ƙanin Malam bai gane komai ba, yana ta cewa, "Kai, Baba, ka yi aiki! Kamar sababbi."

Da a da ne, da falon nan bai ɗauke mu ba. Na jira bakina ya buɗe, na jira zafin nan da na saba ji yana tasowa daga ƙirji, shiru. Wa ma zan yi wa? Tsohon da ya kwashe kwana goma yana hidimar abokinsa? Ko wanda ya tambaye ni na ce to? Kuma kowane zobe da 'yan lambobi a jikinsa. Ni malamar makaranta ce, biro biyu ne a jakata, kusan wata guda ina kallonsu ban rubuta ko ɗaya ba.

Na ce, "Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri. Allah ya bar zumunci."

Ya ce, "Amin," a hankali. Da za su fita ya juyo kamar zai yi magana, sai ya sa hularsa ya bi bayan ƙanin Malam.

Na duba guda biyu bayan tafiyarsu. Tar suke, hagu da dama, kyau kamar me. Duk abin da Malam ya faɗa a kansu gaskiya ne, na ga gashin wuyan kurciyar ma. Na mayar da su kwali ban sake buɗewa ba sai ranar shanya.

Saura ɗaya ke nan. Shi kuma na Baturen ba lamba a zobensa, babban yatsan Malam da na mai shi na farko sun goge ta tas, ƙarfe ne kawai mai santsi. In ya motsa, ya motsa ke nan, ba abin da za a duba a mayar. Na yi tunanin in liƙe shi da salatif, sai na tuna yadda Malam ya tsani danƙo a jikin madubi. Na yi tunanin in ɗan karce shi da allura in yi alama. Na ce gobe. A kwanakin nan komai gobe ne, wankin kai gobe, amsa gaisuwar 'yan makaranta gobe. Na dai hana kowa taɓa shi. In zan ɗauka ta ƙasa nake riƙewa, yatsuna nesa da zoben. 'Yata ta lura, ba ta tambaya ba, ni ma ban faɗa ba.

Haka damina ta yi nisa. Dawa ta yi kai a gonakin gwaji, jan-baki suka zo suka yi ta ci, wani ne ke ƙirga su yanzu. Masara ta nuna, masu gashi suka cika bakin titi. Saura kwana shida in fita takaba 'yata ta ce za ta shiga kasuwar Sabon Gari ta sayo mini atamfa da lalle da turare, don ranar fita. Na ce to. Ta yafa mayafinta ruwan goro ta fita bayan azahar.

La'asar ta yi sanyi ina baranda, madubin na kan cinyata. Sai na ji ƙarar birki daga babban titi, doguwa, sannan wani abu ya daku. Na ɗaga kai. Mutane na gudu zuwa inda bas ke sauke fasinja. Da idona haka, daga wannan nisa, na hangi wani abu ruwan goro shimfiɗe a kan kwalta.

Ban san na miƙe ba. Na kara madubin, da'ira biyu, kowace na rawa, dama duk kore da toka. Ina jin bakina na cewa innalillahi, innalillahi. Hannuwana suka yi abin da suka yi. Titi ya taso gabana.

Manja ne. Ɗan acaɓa ne ya ɗauko jarkoki, bas ta goge shi, jarka ɗaya ta fashe ta malale titi. Ga shi can tsaye yana riƙe da gwiwar hannu, yana zuba ma direba ruwan masifa, direba na rantsuwa. Ba wanda ke kwance. Duk da haka ban sauke ba. Na bi taron fuska-fuska, na tsallaka titi, na bi layin masu talla, sai ga ta. Tana tsaye gaban mai gasa masara, leda biyu a hannu ɗaya, ko ta kan hatsarin ba ta bi ba. Ta nuna wadda take so, aka ba ta, ta yi zafi, ta riƙa jefa ta daga tafin hannu zuwa gefen mayafi tana hurawa. Na ga ɗan kunnenta. Na ga tabon goshinta na faɗuwa daga keke. Na ga yadda take tattare gira in abu ya ƙona ta, sak ubanta. Na raka ta da madubin ta tsallako, ta bi ta gaban masallaci, ta kauce ma kwata, tana tafe tana gaigayar masararta, har ta shigo layinmu katanga ta tare ta.

A nan na lura idanuna biyu a buɗe suke. Da'ira ɗaya ce. Komai tar.

Na sauke madubin na dube shi. Gaɓar a matse daidai fuskata. Yatsana na kan zobe.

Na zauna. Na rufe idon hagu, na kalli rimi, na murza baya kaɗan. Ya dushe. Na ƙara, ya ƙara dushewa. Nan ne? Ko gaba kaɗan? Ta wane gefe ma na murzo shi? Na gwada ɗaya gefen, shi ma kore ne ba reshe ba ganye. Wata uku da wani abu ina kallon wannan dushewar kullum, na ɗauka ko a mafarki zan gane ta. Kowace na tsaya a kai sai ta yi kama da tasa, kuma babu wadda zan iya dafa Alƙur'ani a kanta.

Ina cikin haka ta hawo bene. Ta ce, "Mama, kin ga abin da ya faru a titi? Manja har bakin kwata, mata na ta kwasa da kofi." Ta zube ledojin, ta ga madubin a hannuna, ta ga inda yatsana yake.

Na mayar da zoben inda nake gani tar, na miƙa mata. Ta karɓa ta ƙasa, kamar yadda ta ga ina yi, ta duba.

Ta ce, "Ya yi garau. Wa ya taɓa?"

Na ce, "Ni ce."

Sai na ba ta labarin duka, na goman da na wannan, da shayin da ake zubawa a tebur. Da murya ɗaya na faɗa, kamar ina kiran sunaye a aji. Ita ta yi kuka. Ni ran nan ma ban yi ba. Amma ƙafar nan da ta mutu ta fara tsikari, kuma duk wanda ya taɓa zama a kan ƙafarsa ya san wannan ne wurin ciwon. Ya yi ciwo, wallahi ya yi ciwo, har na rasa inda zan sa kaina. Ta karya masarar ta miƙo mini rabi, na karɓa na riƙe har ta huce.

Aka yi rabon gado, goman suka watse cikin dangi, wasu suka zo hannun 'yata. Na Baturen na roƙa aka bar mini. Na koma makaranta, bakina ya dawo, hedimasta ya ce har ya fara kewarsa. Baba mai agogo ya rasu bayan shekara biyu, na je gaisuwa Sabon Gari na zauna cikin matan cocinsu. Ni ke shanya ranar Asabar yanzu, madubi ɗaya a kan tabarma guda. Na san sunayen tsuntsaye fiye da yadda zan yarda a gaban mutane.

Shekara biyar bayan rasuwar, 'yata ta zo daga Kaduna inda take aure, farkon damina. A tsakanin nan sau uku na matsar da zoben, duk gefe guda. Ban faɗa ma kowa ba. Me za a faɗa? Na koyi dafa bakin kofi da yatsa kafin in zuba, shi ke nan.

Muka hau bene da butar shayi da kofuna biyu. Ta ɗauki madubin daga ƙusa ta ce bari ta ga ko shamuwa sun dawo. Ta kara, ta murza na tsakiya. Na ga ta tattare gira. Yatsanta ya tafi wajen zobe, ya tsaya, ya dawo. Sai ta rufe idon hagu. Ta daɗe a haka tana fuskantar rimi, ni kuma ina laluben bakin kofi.

Ta rataye madubin a ƙusarsa, ta zo ta durƙusa ta damana, sai da na juyo da fuskata gaba ɗaya na gan ta. Ta kama hannun butar.

Ta ce, "Kawo, Mama. Ni zan zuba."

Na ce, "To."